Tufka huɗu a bakin jijiya: yadda saƙo ke ƙetarawa, da inda tetanus ke datse shi

Saƙon da ke gudu a cikin jijiyar laka lantarki ne, amma a mafi yawan wurare lantarkin ba ya tsallakawa daga wannan ƙwayar jijiya zuwa waccan, domin ƙwayoyin ba a manne suke ba. Akwai ɗan rata a tsakaninsu mai faɗin nanomita 20 ko ɗan fiye. A raba milimita ɗaya gida 50,000, kaso ɗaya shi ne nanomita 20. Wurin da ƙwayoyi biyu suka fuskanci juna da wannan rata a tsakani shi ne mahaɗar jijiya, wadda masana ke kira sinafs tun 1897. Lantarki na isowa bakin ratar sai ya tsaya. Ƙwayar farko ta zubo wani sinadari, sinadarin ya ƙetara ya taɓa ta biyu, ita kuma ta tayar da nata lantarkin. Direban Keke da ya taka birki a shataletalen Leventis, da yarinyar da ke bitar hadda a Tudun Wada, da numfashin mai barci, duk ta wannan ƙetare suke bi, a mahaɗu tiriliyoyi.

Sinadarin ba a warwatse yake a bakin jijiya ba. An ɗure shi a cikin 'yan jakunkuna masu faɗin nanomita 40, kowace da dubban ƙwayoyinsa a ciki. Bernard Katz da abokan aikinsa a Landan suka fara hango haka a farkon shekarun 1950, da suka auna tsokar kwaɗo suka ga saƙon yana fitowa ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi girmansa ɗaya. Ba a jima ba madubin ƙara girma mai aiki da ilaktiron ya nuna jakunkunan ido da ido. A 1979 John Heuser da Thomas Reese suka daskarar da jijiyar kwaɗo a daidai lokacin da saƙo ya iso, suka kama jakunkunan bakinsu a buɗe, sun narke cikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar.

A nan gizo ke saƙar. Tantanin jaka da tantanin ƙwaya duk na mai ne, kuma fuskar kowanne tana ɗauke da caji iri ɗaya, ga ruwa ya manne mata. Irin waɗannan tantani ture juna suke yi. Idan aka haɗa jakunkunan mai zalla a kwalbar gwaji, sai su kwana da kwanaki suna gogar juna ba su haɗe ba. Amma a bakin jijiya, daga shigar kalsiyam zuwa buɗewar jaka ba ya kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, a wasu mahaɗun ma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ɗan lokacin ba. Babu wani aikin gini da za a fara a gama a cikin haka. Amsar da binciken siffar furotin ya bayar ita ce, kafin saƙon ya iso an riga an yi kusan dukan aikin, an ajiye ƙarfin, an riƙe shi. Kalsiyam izini kawai yake bayarwa.

Kowane furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20, a jere bisa tsarin da gado ya rubuta. Sarƙar takan naɗe ta ɗauki siffa ta musamman, aikin furotin kuma daga siffarsa yake fitowa. Shi ya sa masu wannan bincike suke ɗaukar shekaru suna neman furotin ɗaya ya daskare ya zama kiristal, su haska shi da hasken X-ray, su lissafa mazaunin kowane atam.

Furotin uku ne ginshiƙin lamarin. Sinaftobirebin yana kafe a jikin jaka, amino asid 116 ne. Sintaksin yana kafe a tantanin ƙwaya, 288. SNAP-25 mai 206 shi ma yana gefen ƙwaya, sai dai bai huda tantanin ba, 'yan jelar mai ne suka maƙale shi. An gano su ɗaya bayan ɗaya tsakanin 1988 da 1992, ana ganinsu a bakin jijiya ba a san aikinsu ba. Wanda ya nuna su da yatsa shi ne dafin tetanus, cutar sarƙewar haƙora. A 1992 Giampietro Schiavo da Cesare Montecucco a Padua ta Italiya suka gano cewa dafin furotin ne mai yanka, yana aiki da atam ɗaya na zinki, kuma abu ɗaya tak yake yankawa: sinaftobirebin. Shekara na zagayowa aka ga dafin botulinam, wanda ke fitowa daga gurɓataccen abincin gwangwani, wasu nau'o'insa suna yanka SNAP-25, wani kuma sintaksin. An daɗe da sanin cewa waɗannan dafuka suna hana jijiya sakin saƙo. Tun da ukun nan suke yankawa, to su ne injin.

A wannan shekarar ta 1993 ɗakin binciken James Rothman a New York ya zo ta wata hanya dabam. Suna bin diddigin yadda jakunkuna ke kai kaya a cikin kowace irin ƙwayar halitta, sai suka jefa ƙugiyarsu a cikin ruwan ƙwaƙwalwar saniya, suka fito da ukun nan manne da juna. Suka raɗa wa danginsu suna SNARE. Tun kafin nan Randy Schekman ya gano 'yan uwan wasu sassan wannan inji a cikin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Rothman da Schekman da Thomas Südhof su suka karɓi kyautar Nobel ta likitanci a 2013. Kusan irin injin nan ne ma ke fitar da insulin daga ƙwayoyin da ke yin sa.

Hoton siffar ya fito a 1998, daga hannun Bryan Sutton da Dirk Fasshauer da Reinhard Jahn da Axel Brunger, kuma har yau shi ne tushen da ake komawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tufkar igiyar rama zai gane shi. Mai tufka yana riƙe da silalla dabam-dabam, kowane shi kaɗai lagwai ne, ba ya ɗaure ko akuya. Yana murza su a cinyarsa, suna kwanciya a jikin juna, igiya tana tauri tana gajarcewa. Haka furotin ukun suke. Kowanne shi kaɗai sashen da ke shiga tufkar yawanci sako-sako yake, ba shi da tsayayyiyar siffa. Da sun haɗu sai kowane sili ya murɗe, su naɗe da juna su zama igiya mai sili huɗu: ɗaya daga sinaftobirebin, ɗaya daga sintaksin, biyu daga SNAP-25. Tsawonta nanomita 12.

Inda tufkar ta dosa shi ne sirrin. Silallan huɗu duk gefe ɗaya suka fuskanta. Gindin sinaftobirebin yana cikin jaka, gindin sintaksin yana cikin tantanin ƙwaya, tufkar kuma tana farawa ne daga kawunansu da ke nesa, ta nufo gindi. Duk murɗa ɗaya sai gindayen biyu su ƙara matsowa, suna jawo tantanin da suke kafe a ciki. Lokacin da tufka ta iso ƙarshe babu sauran wurin ruwa a tsakani, tantani biyu sun matsu fiye da yadda za su iya zama biyu, sai su haɗe, ƙofa ta buɗe. A 2009 ɗakin binciken Jahn a Göttingen ya ƙara wani hoton da ya nuna murɗar ba ta tsaya a bakin tantani ba, ta zarce har cikin man.

Idan aka yanka igiyar a kwance aka leƙa cikinta, za a ga hawa 16, a kowane hawa amino asid huɗu sun haɗa kai, ɗaya daga kowane sili. A hawa 15 masu gudun ruwa ne, sun cusa kansu ciki sun matse. Gudun ruwan nan shi ke ja silallan su rungumi juna. Hawan tsakiya shi ne ya bambanta: arjinin ɗaya daga sinaftobirebin, gulutamin uku daga sauran silallan, sun riƙe juna a binne inda ruwa ba ya kaiwa. Wannan hawa yana nan kusan a duk dangin SNARE, daga yis har mutum, har da shi ake raba su gida biyu, masu R, wato arjinin, da masu Q, wato gulutamin. Ƙarfin igiyar kuwa sai wanda ya gwada. Sinadarin wanki da masu bincike ke wargaza kusan kowane furotin da shi ba ya kwance ta sai an haɗa da tafasawa.

Wannan taurin shi ne makamashin. Bambancin da ke tsakanin silalla a sake da igiya a tufke ƙarfi ne da ake saki, shi ake kashewa wajen matse tantani. A 2012 ɗakin binciken Yongli Zhang a Jami'ar Yale ya kama igiya guda ɗaya da hasken leza, ya riƙa jan ta yana saki. Suka ga ba a lokaci ɗaya take tufkuwa ba. Rabin da ke nesa da tantani yana fara kamawa, sai a ɗan tsaya, sannan rabin da ke kusa ya rufe da ƙarfi. A ganina wannan tsayawa a tsakiya ita ce mafi muhimmancin abin da aka gano bayan hoton 1998, domin ita ta ba da wurin da za a riƙe jaka a shirye.

A 1998 ɗin dai ɗakin Rothman ya sanya furotin ukun a jakunkunan mai na gwaji, jakunkunan suka haɗe. Amma mintoci suka riƙa ɗauka, kuma ba ruwansu da kalsiyam. Igiya ita kaɗai tana ja, ba ta san lokaci ba. Sauran furotin da ke kewaye da ita aikinsu ke nan.

Na farko shi ne Munc18. An fara ganin danginsa a wata 'yar tsutsa da Sydney Brenner ya yi nazari a 1974, inda tsutsotsin da suka rasa shi suka kasa tafiya daidai. Sintaksin yana da wani sashe mai murɗa uku a kansa wanda ke lanƙwasowa ya rufe silin da ya kamata ya shiga tufka. Hoton da Kira Misura da Richard Scheller da William Weis suka fitar a 2000 ya nuna Munc18 mai lanƙwasa ya rungume sintaksin a wannan rufaffen hali. Mai kallon hoton zai ɗauka Munc18 mai hanawa ne. Amma a shekarar Matthijs Verhage da abokan aikinsa suka cire shi daga ɓeraye, sai ga ƙwaƙwalwa ta ginu, mahaɗu sun tsaya, jakunkuna na nan, amma ko ɗaya ba ta buɗe ba. 'Ya'yan ɓeran suka mutu da haihuwa, ba su iya numfashi ba. Sai daga baya aka warware wannan saɓani. Wani dogon furotin, Munc13, yana tsayawa tsakanin jaka da tantani, ya taimaka a buɗe sintaksin, sannan Munc18 ya riƙe sintaksin da sinaftobirebin gefe da gefe, kai da kai, don tufka ta fara daga inda ya dace. Idan ba haka ba silallan kan kama juna a karkace ko a juye, igiyar ta tashi a banza.

Daga nan jaka tana manne a bakin tantani, tufka ta kai rabi. Bakin jijiya ɗaya na iya ɗauke da jakunkuna ɗaruruwa, amma ƙalilan ne suke cikin wannan shiri a kowane lokaci.

Sai kalsiyam. A wajen ƙwaya yawansa ya ninka na ciki fiye da sau 10,000. Lantarki na isowa sai wasu ƙofofi na furotin su buɗe, kalsiyam ya kwararo, kuma ƙofofin an ɗaure su ne dab da jakunkunan da ke shirye ta hannun wani furotin mai suna RIM, don kada a ɓata lokaci a hanya. Tun 1967 Dodge da Rahamimoff suka auna cewa idan aka ninka kalsiyam sau biyu, sakin saƙo yana ninkuwa kusan sau 16. Ma'ana, duk abin da ke jin kalsiyam ɗin ba ɗaya yake jira ba, sai da yawa sun taru a kansa a lokaci guda. Hakan ke hana ɗan yoyon kalsiyam ya tayar da saƙon ƙarya.

Mai jin nan shi ne sinaftotagmin, wanda Südhof ya bayyana jerinsa a 1990. Yana kafe a jikin jaka, kimanin 15 a kowace, a gefen sinaftobirebin kimanin 70, kamar yadda ƙidayar da Shigeo Takamori da Jahn suka yi a 2006 ta nuna. Yana da kawuna biyu, C2A da C2B. Hoton na farko ya fito a 1995: faifai biyu masu sili huɗu-huɗu an kifa ɗaya a kan ɗaya, da 'yan maɗaukai a sama. A jikin maɗaukan akwai amino asid mai suna asfatet, mai caji na ragi, an jera su sun yi ɗan gurbi. C2A yana kama kalsiyam uku, C2B biyu. Kafin kalsiyam ya zo, maɗaukan da fuskar tantani duk cajinsu na ragi ne, suna ture juna. Da kalsiyam mai caji na ƙari ya zauna a gurbin sai lissafi ya juye, ya zama gada tsakanin furotin da man tantani, ƙarshen maɗaukan masu gudun ruwa su nutse cikin man su dagula shi. Abin lura, furotin ɗin bai sauya siffarsa sosai ba. Cajinsa ne ya sauya, shi ya sa abin ke da sauri haka. Da aka cire nau'in sinaftotagmin da ake kira na ɗaya daga ɓeraye a 1994, saurin sakin ya ɓace, aka bar wani saki mai jan ƙafa, 'ya'yan kuma ba su wuce kwana biyu ba.

Yadda nutsewar maɗaukai ke sa tufka ta ƙarasa shi ne wurin da masana ba su gama daidaitawa ba. A 2015 ɗakin Brunger, wanda ya koma Stanford, ya fitar da hoton C2B manne a gefen igiyar tun kafin kalsiyam ya zo. A 2017 suka ƙara wani da ya nuna ƙarin wani sinaftotagmin ɗin a ɗaya gefen, tare da wani ɗan ƙaramin furotin, kompileksin, wanda ke kwanciya a kwarin da ke tsakanin silin sinaftobirebin da na sintaksin. Fassararsu ita ce waɗannan sun kulle igiyar a rabi, kalsiyam kuma ya buɗe. Wasu masanan suna ganin kompileksin ya fi taimakawa a kan hanawa, domin idan aka cire shi daga jijiyoyin ɓera saurin saki raguwa yake yi, alhali a ƙuda da tsutsa yoyon saƙo ne ke ƙaruwa. Haka ma yawan igiyoyin da jaka ɗaya ke buƙata: a kwalbar gwaji ɗaya ta isa, a mahaɗar jijiya an auna biyu, a ƙwayoyin da ke sakin adirenalin aƙalla uku idan ana son sauri. Ni dai ina ganin ya kamata mai karatu ya riƙe cewa kiristal hoto ne a tsaye, kuma yawancin hotunan an ɗauke su ne babu tantanin a ciki, alhali a kan tantani ake rigimar. Duk zane mai motsi da za ka gani a intanet, abin da ke tsakanin hoto da hoto fassarar mai zanen ce.

Bayan jaka ta buɗe, silalla huɗun suna kwance a tantani ɗaya, a tufke, ba su da sauran amfani. Igiyar da tafasa ce kawai ke kwance ta, wa zai warware? NSF ne, furotin shida da suka yi zobe mai rami a tsakiya. Wasu furotin masu suna SNAP, waɗanda ba su da dangantaka da SNAP-25 sai kamar suna, suna kewaye igiyar su riƙe ta, NSF ya ƙona ATP, man fetur ɗin ƙwayar halitta, ya fizgo kan sili ta cikin ramin har igiya ta wargaje. Wannan katafaren inji bai yarda ya zama kiristal ba. Sai a 2015 aka gan shi sosai, da sabuwar dabarar daskarar da furotin cikin ƙanƙara a ɗauke shi da ilaktiron, dabarar da ta ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2017. Ashe a wajen warwara ake biyan kuɗin. Ƙarfin da za a kashe a saƙo na gaba, yanzu NSF ya zuba shi a cikin silallan da ya raba.

Sanin waɗannan siffofi ya fara isowa gadon asibiti ta ƙofar farfaɗiya. A 2008 masu bincike a Japan suka gano cewa wasu jarirai masu farfaɗiya mai tsanani tun watannin farko, kwafi ɗaya na ƙwayar gadon halitta da ke tsara Munc18 ne ya samu matsala a jikinsu. An kuma samu makamancin haka a sinaftotagmin da SNAP-25 da sinaftobirebin. Waɗannan ba su da yawa. Farfaɗiyar da ta fi yawa a wajenmu daga wahalar haihuwa take, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da buguwar kai a hatsarin babur. Amma ko a nan bakin jijiya na da hannu a magani: lebetirasitam, ɗaya daga magungunan farfaɗiya na zamani, a 2004 aka gano cewa wani furotin na jikin jaka mai suna SV2A yake kamawa. Iyalin da suka kai ɗansu asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna ba su tafi neman abin da babu ba. Ciwon yana da mazauni a jiki, kuma ana iya kai masa magani.

Tetanus kuwa a ƙofar gidanmu yake. Ƙwayar cutar tana kwance a ƙasa da kashin dabbobi cikin wani ƙoƙo mai jure rana da fari shekara da shekaru. Tsatsa ba ta da laifi. Ƙusar da ta soki maƙeri ko ɗan gwangwan a Panteka ƙasa ta ɗebo ta tura can cikin nama inda iska ba ta kaiwa, a nan ƙwayar ke farkawa ta fara zubar da dafi. Haka ƙayar da ta soki manomi, haka rezar da aka yanke cibiya da ita ba a tafasa ba, haka toka ko ƙasa ko kashin shanu da aka shafa wa cibiyar.

Dafin gida biyu ne a haɗe. Babban sashe shi ke kama bakin jijiyar da ke tsoka, a shigar da shi, a yi ta jan sa a cikin jijiyar har laka. A nan sai ya ƙetara zuwa wasu ƙwayoyi da aikinsu shi ne su ce wa tsoka ta saki, masu fitar da sinadaran saƙo biyu, gilaisin da GABA. Ƙaramin sashe ya faɗa cikinsu ya nemi sinaftobirebin, ya yanka shi a wuri ɗaya, tsakanin amino asid na 76 da na 77. Yankan ya raba yawancin silin da gindinsa. Ko an tufka, babu abin da za a jawo. An kuma nuna tun 1994 cewa dafin ba ya iya yanka igiyar da ta gama tufkuwa, sai silin da ke sake. Ke nan duk lokacin da NSF ya warware igiya don shirya saƙo na gaba, ya miƙa wa dafi abin yankawa. Kuma dafin ba ya ƙarewa da yanka ɗaya, yana gamawa ya nemi na gaba.

Da masu cewa a saki suka yi shiru, umarnin a ɗaure ne kawai ke isa tsoka. Jaririn da aka haifa lafiya, ya sha nono kwana biyu ko uku, wajen ranar suna sai ya ƙi kamawa. Uwar tana kai masa, yana so, bakin ba ya buɗuwa. Fuska ta tattare, hannaye su dunƙule, baya ya bankare. An buga ƙofa ko an kunna fitila, sai jikin duka ya ɗauka. Babba kuma da muƙamuƙi da wuya yake farawa, yawanci kwana 3 zuwa 21 bayan rauni, kuma hankalinsa na nan, yana jin kowace sandarewa. Abin da ke kashewa shi ne sandarewar maƙogwaro da tsokar numfashi, da rikicewar bugun zuciya.

Dafin botulinam ɗan uwansa ne, siffarsu kusan ɗaya, wani nau'insa ma daidai wannan wuri na 76 da 77 yake yankawa. Amma shi yana tsayawa ne a bakin jijiyar tsoka, bai hawa laka, don haka umarnin a ɗaure yake katsewa, jiki ya saki. Nau'in A amino asid 9 kacal yake gutsurewa daga ƙarshen SNAP-25 mai 206, a gefen da ke kusa da tantani, inda tufka ke ƙarasawa. Wannan ya isa ya kwantar da tsoka wata uku zuwa huɗu, kuma shi ne Botox da likitoci ke amfani da ɗan ƙanƙaninsa tun 1989 wajen gyara karkatar ido da tsokar da ta ƙi saki.

Siffar ta kuma bayyana dalilin da jinyar tetanus ke da tsawo da tsada. Allurar kashe dafi tana kama wanda ke yawo ne a jini da rauni. Wanda ya riga ya shiga jijiya ya fi ƙarfinta. Ana wanke rauni, a ba da metronidazol don kashe ƙwayar, kada ta ƙara zubowa. Ana ba da diyazifam don ya ƙarfafa ɗan abin da ya rage na GABA. Ana ba da magnisiyam, irin wanda ake yi wa mai ciki idan jijjiga ta kama ta, domin yana tare kalsiyam a bakin jijiya ya rage saƙon da ke zuwa tsoka. A kwantar da majinyaci a ɗaki mai duhu marar hayaniya, a ciyar da shi ta tiyo, idan ta yi tsanani a sa masa na'urar numfashi, wadda gadajenta ba su da yawa a ko'ina a arewa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke ɗinke silin da aka yanka. Ana sayen lokaci ne har dafi ya lalace jijiya ta ƙera sababbin furotin, mako huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye. Iyalin da ke ci daga aikin yini ba ƙaramin nauyi suka ɗauka ba, kuma da yawa ba sa kaiwa ƙarshensa.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna jarirai kimanin 787,000 tetanus ya kashe a 1988, a 2018 kuma kimanin 25,000. Ba sabon maganin warkarwa aka samo ba. Allurar rigakafi ce, wadda ake yi da dafin da aka kashe kaifinsa, tare da haihuwa mai tsafta da kula da cibiya. Jikin da aka yi wa allurar yana tare dafin tun a hanya, kafin ya kai bakin jijiya, domin a hanyar ce kaɗai ake iya cin masa. Mai ciki da ta je awo aka yi mata biyu, mako huɗu a tsakani, tana ba ɗan da ke cikinta kariyar ta mahaifa. Idan ta cika biyar a tsawon shekaru, sun rufe mata shekarun haihuwa. Jariri yana samun tasa a cikin allurar Penta a mako na 6 da na 10 da na 14. Waɗanda aka fi mantawa da su su ne maza manya, masu walda da kanikawa da manoma da 'yan gwangwan, waɗanda ba su zuwa awo, kuma kariyar ƙuruciya, in ma an yi musu, tana raguwa idan ba a sabunta ba.

Ko wanda ya kwanta da cutar ya tashi bai tsira daga karo na biyu ba. An ƙiyasta cewa nanogiram 2.5 na dafin (a raba giram ɗaya gida biliyan, kaso ɗaya shi ne nanogiram) a kowane kilo na nauyin mutum ya isa kisa, kuma wannan ya yi ƙanƙanta da garkuwar jiki ta gan shi ta koyi kama shi. Don haka likita kan fara yi wa majinyacin tetanus allurar rigakafi tun yana kwance, a rubuta masa ranakun da zai dawo ya cika sauran.